Zauren Kwamfuta: Kuskuren Lamba Ɗaya da Ya Ɓata Muryar Kaka

A makon jiya mun koyi yadda ake sa kwamfuta ta maimaita aiki ɗaya sau dubu ba tare da mun rubuta umarnin sau dubu ba, wato abin da muka sa wa suna zagaye. Yau za mu ga abin da ke faruwa idan zagayen ya fara daga inda bai kamata ba, ko ya tsaya a inda bai kamata ba, da tazarar lamba ɗaya tak.

Kafin mu shiga, ga 'yar tambaya. Malam ya ce ku karanta daga shafi na 10 zuwa shafi na 20. Shafi nawa za ku karanta? Da yawanku za su ce goma, don 20 a cire 10 saura 10. To ku ƙirga da yatsu. Sha ɗaya ne. Ku riƙe wannan a ranku, don duk darasin yau a kansa ya tsaya.

Abin da ya faru a ajinmu na Asabar

Akwai wata ɗaliba 'yar aji biyar da ke zuwa ajin kwamfuta da muke yi duk Asabar. Kakarta ta zo daga ƙauye ganin likita, ta yi mako biyu a gidansu. Wani dare yarinyar ta ɗauki muryar tsohuwar da waya tana yi wa ƙannenta tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Bayan kaka ta koma gida, sai aka zaɓi ɗalibar ta kunna tatsuniyar a lasifika ranar bikin al'adu na makarantarsu. Matsalar ita ce wayar ta yi nisa da bakin kaka, muryar ta fito ƙasa-ƙasa, kuma babu halin sake ɗauka.

Akwai manhajojin da ke ƙara ƙarfin murya, amma ta ce ita da kanta za ta rubuta tata da harshen Python, tunda abin da take koyo ke nan. Ta rubuta, ta gwada, murya ta yi ƙarfi kamar yadda take so. Sai dai wani zuuu mai kama da kukan ƙudan zuma ya liƙe wa muryar daga farko har ƙarshe. Ta zo mana ranar Asabar, biki kuma ranar Laraba.

Ta ce, "Malam, wallahi na karanta layukan nan ya fi sau goma, ban ga abin da na ɓata ba."

Muka ce mata ta daina karantawa tukuna, mu fara saurara.

Yadda kwamfuta ke ajiye sauti

Sauti girgizar iska ce. Idan mutum ya yi magana, iska tana matsewa tana sakewa da sauri, makirufo kuma yana mayar da wannan motsin ya zama lantarki mai hawa da sauka. Kwamfuta ba ta iya ajiye abin da ke gudana kamar ruwa, lambobi kawai ta sani. Saboda haka sai ta riƙa auna tsayin lantarkin a kai a kai tana rubuta abin da ta samu. Kowane awo guda shi ake kira samfur.

Sau nawa take awon? A faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982, ana awo sau 44,100 a kowane sakan. A bidiyo an fi amfani da 48,000. Tatsuniyar kaka minti uku ce, wato sakan 180. Idan kuka ninka 44,100 sau 180 za ku sami 7,938,000. Kusan lambobi miliyan takwas ke nan a jere, kuma su ne muryar kaka.

Ƙara ƙarfin murya ba wani abu ba ne illa ninka kowace lamba. Ɗalibarmu ta zaɓi ninkawa sau uku. Amma masu rubuta manhajar sauti ba kasafai suke ɗaukar jerin gaba ɗaya lokaci guda ba. Suna ɗibansa guntu-guntu, kamar yadda lebura ke kwashe tulin yashi da kwanon sarki. Ita ma haka ta yi: kowane guntu samfur 512. Ga zagayen da ta rubuta don ya yi aiki a kan kowane guntu, inda n yake nufin yawan samfurin da ke ciki:

```
for i in range(1, n):
    guntu[i] = guntu[i] * 3
```

Ku tsaya ku kalle shi da kyau. Kun ga kuskuren? Idan ba ku gani ba, kada ku damu, ita ma ba ta gani ba. Bari mu bi sawu.

Bin sawun ɓarawo

Alama ta farko: mun kunna ainihin muryar da ta ɗauka, babu zuuu a ciki. Ke nan ba fanka ba ce, ba janareto ba ne, manhajarta ce ta haifar da shi. A nan muka yaba mata ƙwarai, domin ba ta goge ta asalin ba. Da a ce ta rubuta sabuwar a kan tsohuwar, da aiki ya yi mana yawa.

Alama ta biyu: duk lokacin da kaka ta yi shiru tana numfashi, zuuu ɗin ma sai ya ɗauke. Idan ta ɗaga murya, sai ya ƙaru. Ke nan kuskuren yana tafiya da girman lambobin.

Alama ta uku: mun buɗe sabuwar muryar a Audacity, manhajar gyaran sauti da ake samu kyauta, muka yi ta faɗaɗa hoton har samfurin suka fito ɗaya-ɗaya kamar ɗigo. Sai ga layin yana tafiya lafiya, can sai ɗigo ɗaya ya fita daga layi ya koma kusa da tsakiya, na gaba da shi kuma ya dawo kan hanya. Muka nemi na gaba mai irin wannan halin, muka ƙirga tazararsu: 512 daidai.

Da ta ji 512 sai ta zaro ido. Ta gane girman guntunta ne. Muka raba 44,100 da 512, muka sami 86 da 'yan kai. Wato a kowane sakan, sau 86 ana barin samfur ɗaya ba a ninka shi ba. Kowane ɗaya yana ba da ɗan ƙas a lasifika. Kunnen mutum yana iya rarrabe ƙas-ƙas idan suna zuwa a hankali, amma idan suka wuce kamar sau 20 a sakan sai su haɗe su zama amo guda. Shi ne zuuu ɗin da muke ji.

Daga nan muka yi gwajin da muke so kowannenku ya saba da shi. Muka ajiye muryar kaka gefe, muka ba zagayen ɗan ƙaramin jeri mai lambobi biyar, duka 1, muka ce ya nuna mana sakamako. Ya kamata mu ga 3, 3, 3, 3, 3. Abin da ya fito shi ne 1, 3, 3, 3, 3. Na farko ba a taɓa shi ba.

Gyaran bai wuce goge abu ɗaya ba:

```
for i in range(n):
    guntu[i] = guntu[i] * 3
```

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Samfur ɗaya cikin 512 ne, amma ya isa ya ɓata tatsuniya guda.

Me ya sa ake farawa daga sifili?

A Python, da C, da Java, gurbin farko na jeri lambarsa 0 ce, ba 1 ba. Jeri mai abu biyar yana da gurbi 0, 1, 2, 3, 4. Babu gurbi na 5. Wannan yana rikita kowane sabon shiga, don tun muna firamare daga ɗaya muke fara ƙirga.

Ku ɗauko rularku ta lissafi. Daga ina ta fara? Daga 0. Dalili shi ne rula ba ƙirga abubuwa take yi ba, nisa take aunawa daga baki. Lambar gurbi ma haka take: tana faɗa wa kwamfuta taku nawa za ta yi daga farkon jeri. Abu na farko yana nan a bakin ƙofa, ba sai an yi taku ko ɗaya ba, don haka lambarsa 0.

A 1982 wani masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya rubuta 'yar takarda a kan wannan batu. Ya nuna cewa hanya mafi sauƙi ta faɗin iyaka ita ce a haɗa da lambar farawa, a bar lambar tsayawa a waje. Haka range yake aiki a Python: range(0, 512) yana farawa daga 0 ya tsaya a 511. Amfanin wannan tsari biyu ne. Na ɗaya, idan ka cire ta farko daga ta ƙarshe ka sami yawan abubuwan kai tsaye, ba irin rikicin shafi na 10 zuwa na 20. Na biyu, guntaye suna haɗuwa baki da baki: na farko 0 zuwa 512, na biyu 512 zuwa 1024, babu samfurin da aka tsallake, babu wanda aka maimaita.

Amma ku sani ba kowane harshe ne ke bin wannan ba. A Scratch, da Lua, da MATLAB, daga 1 ake farawa. Duk harshen da kuka shiga, tambaya ta farko ita ce: daga nawa ake ƙirga a gidan nan?

Wasu wuraren da wannan kuskure ke ɓuya

Ɗalibarmu a wajen farawa ta yi tuntuɓe. Wasu a wajen tsayawa suke yi. Ga yadda ake rubuta irin wannan zagaye a harshen C, wanda da shi da ƙaninsa C++ aka rubuta yawancin manyan manhajojin sauti:

```
for (i = 0; i < n; i++)
```

Ma'anarsa: fara daga 0, ci gaba muddin i bai kai n ba. Idan mutum ya rubuta <= a maimakon <, zagayen zai ƙara taku ɗaya, ya shiga gurbi na 512 alhali gurbin ƙarshe 511 ne. Python idan aka yi mata haka sai ta tsaya ta ce IndexError, wato ka nemi gurbin da babu. Wannan gata ne. Shi C ba ya faɗa. Zai karanta duk abin da ya tarar a wurin, ko ya rubuta a kan bayanan da ba nasa ba. Wata rana manhajar ta yi aiki lafiya, wata rana ta yi ƙara, wata rana ta mutu ana tsakiyar taro.

Wuri na biyu shi ne idan zagaye yana leƙen maƙwabci. Misali, hanya mafi sauƙi ta tausasa sauti ita ce a haɗa kowane samfur da na gaba da shi a raba biyu. Ku buɗe hannunku: yatsu biyar ne, amma tsakaninsu huɗu ne. Samfur na ƙarshe ba shi da na gaba. Don haka duk zagayen da ke taɓa i + 1 dole ya tsaya da wuri, wato range(n - 1). Turawa suna kwatanta wannan da kafa danga: danga mai tsawon mita 10, ana kafa sanda a kowace mita, sanda 11 take ci ba 10 ba.

Wuri na uku ya shafi masu son kiɗa. A ce kuna so kwamfuta ta fitar da amo mai girgiza sau 441 a sakan. Tunda 44,100 a raba da 441 ya ba da 100 cif, sai ku shirya samfur 100 na girgiza guda, ku sa a yi ta maimaita su. Idan kuka yi kuskure kuka shirya daga 0 har da 100, kun sami 101, na ƙarshen kuma maimaicin na farko ne. Yanzu 44,100 a raba da 101 ya zama 436 da ɗoriya. Amon ya sauka ƙasa kaɗan. Shi kaɗai ba lallai ku lura ba, amma ku kunna shi tare da na daidai, za ku ji sautin yana rawa kamar sau huɗu a sakan, irin yadda ake ji idan tsirkiya biyu ba su daidaita ba.

Wuri na huɗu shi ne iyakar lambobin kansu. A sauti irin na CD kowane samfur yana iya ɗaukar ɗaya daga cikin lambobi 65,536. Rabinsu 32,768 ne, don haka mutane da yawa suke zaton iyakar sama ke nan. A'a. Daga -32,768 ne zuwa 32,767, saboda sifili ma ya ci gurbi guda. Idan ninkawa ta kai lamba 32,768 aka cusa ta a wurin, a wasu harsunan sai ta juye ta koma -32,768, wato daga can ƙololuwa zuwa can ƙasa a taku ɗaya. Lasifika ta yi fas. Shi ya sa muka sa ɗalibarmu ta ƙara layin da ke cewa duk lambar da ta wuce 32,767 a mayar da ita 32,767, haka ma ta ɓangaren ƙasa.

Har a kayan kiɗa na lantarki abin yana nan. Tsarin MIDI, wanda kibod da kwamfuta ke magana da shi tun 1983, yana da tashoshi 16. A jikin na'ura ana rubuta su 1 zuwa 16, amma a cikin saƙon da ake aikawa 0 zuwa 15 ne. Bisa al'ada ganguna suna tasha ta 10, wanda ke nufin a cikin manhaja sau da yawa 9 za ka rubuta. Wanda ya manta ya nemi ganga, sai ya ji fiyano.

Gargaɗi ɗaya kafin mu wuce. A fayil irin na WAV, samfur guda yakan ci bayit biyu, kuma yawanci bayit 44 na farko bayani ne a kan fayil ɗin, ba sauti ba. Idan kuka goce da bayit ɗaya wajen fara karantawa, kowane samfur zai ɗauki rabin nasa da rabin na maƙwabcinsa, abin da zai fito kuwa ƙara ce mai tsanani. Saboda haka duk lokacin da za ku gwada sabuwar manhajar sauti, ku rage ƙarar na'ura sosai, kuma kada ku fara da abin saurare a kunne. Manhaja ana gyara ta, kunne kuwa idan ya lalace ba ya dawowa.

Ɗabi'u biyar da za su tsare ku

Ta ɗaya: ku saba da siga guda. Fara daga 0, tsaya kafin n. Duk lokacin da hannunku ya rubuta 1 a farkon zagaye, ko <= a ƙarshensa, ku tsaya ku tambayi kanku dalili. Wani lokaci akwai dalili, amma sai kun iya faɗinsa da baki.

Ta biyu: idan ba ku buƙatar lambar gurbi, kada ku yi amfani da ita. A Python kuna iya rubuta haka:

```
sabo = [s * 3 for s in guntu]
```

Wannan yana bin kowane samfur da kansa. Babu wurin farawa da za ku zaɓa, balle ku ɓata.

Ta uku: ku yi gwaji da ƙaramin jeri. Ba wanda zai iya duba lambobi miliyan takwas, amma kowa zai iya duba biyar. Ku gwada da jeri mai abu biyar, da mai abu ɗaya, da wanda ba komai a ciki.

Ta huɗu: ku duba bakin farko da bakin ƙarshe. Tsakiyar jeri ba ta cika ba da matsala ba. Ku kuma tuna da guntun ƙarshe: 7,938,000 ba ya rabuwa da 512 daidai, don haka kwanon ƙarshe ba zai cika ba, kuma zagayenku dole ya auna abin da ke ciki maimakon ya ɗauka 512 ne.

Ta biyar: ku ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita. Idan samfur 1,000 suka shiga, 999 suka fita, ba sai kun saurara ba, kun san akwai inda aka yi ɓari. Kuma kada ku taɓa yin gwaji a kan ainihin fayil. Ku kwafa, ku yi aiki a kan kwafin.

Ranar Laraba an kunna tatsuniyar a filin makaranta, murya ta fito tas har bayan taro, yara 'yan aji ɗaya suna amsa wa kaka kamar tana zaune a gabansu. Ɗalibar ta ce mana ta tura wa kawunta sabuwar muryar don ya kunna wa tsohuwar a ƙauye. Mun kuma lura tun daga ranar, kafin ta gwada kowane zagaye sai ta fara ba shi lambobi biyar.

Aikin gida

Ba sai da kwamfuta ba, biro da takarda sun isa.

1. Waɗanne lambobi range(3, 8) zai ba da, kuma guda nawa ne?
2. Jeri yana da samfur 256. Mene ne lambar gurbin farko, mene ne ta ƙarshe a Python?
3. Da a ce guntun ɗalibarmu samfur 1,024 ne ba 512 ba, sau nawa za a ji ƙas a sakan guda? Zuuu ɗin zai ƙara kauri ne ko zai ƙara siranta?
4. A sautin da ke da ɓangaren hagu da na dama, ana jera samfurin haka: hagu, dama, hagu, dama. Me zai faru idan aka tsallake samfur ɗaya a farkon jerin?

Ku rubuta amsoshinku ku nuna wa malamin kwamfuta ko na lissafi, ku kuma yi gardama a kansu da abokan ajinku. Za mu kawo amsoshin a mako mai zuwa, inda za mu koyi yadda ake sa murya ta yi amsa-kuwwa kamar a cikin kogo, da zagayen da ke komawa farko idan ya kai ƙarshe. Sai mun haɗu, a yi karatu lafiya.